Koren Tawul ɗin Baba

Ku gyara zama, 'yan uwa, don abin da ya same ni a makon nan ban yi zaton zan fita daga cikinsa da sauran dariya a bakina ba. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Renita Tolliver, ina shekarar ƙarshe a karatun jinya a Jami'ar Tallahala. Ni ce kuma 'ya ɗaya tilo a wurin Cleophus Tolliver, mutumin da in ka cire coci ba shi da abin da ya sa a gaba sai Zakaru, ƙungiyar zari-ruga ta jami'armu. Gidanmu kore ne, labulenmu kore, kujerun baranda kore. Ko karen da muka taɓa yi, Koci Baba ya raɗa masa.

Ranar Litinin da safe ina gaban madubi, na saka shuɗin kayana na asibiti ina fama da gashina da ya ƙi kwanciya, sai na ji Baba ya kurma ihu daga kicin.

"Vernell! Zo ki ga abin da 'yan jaridar nan suka yi mana! Saura kwana biyar mu kara da Shirwa, shi ne za su zo mana da wannan!"

Na fito da kibiyar kitso a hannu. Mama tana juya ƙwai a kasko, ko waiwayowa ba ta yi ba. Baba ya baje jaridar babban birni a kan tebur, kofinsa ya zube a gefe bai ma lura ba. Ga kanu nan da manyan baƙaƙe: 'YAN WASAN ZAKARU NA CIN ƁAGAS A GIDAJEN MAGOYA BAYA. A ƙasa kuma hoton wani ƙato ne yana sauka daga matakala da yamma, ya rungume wani abu naɗe a cikin koren tawul mai bakin zinare.

Wannan ƙeyar ko cikin mutum dubu zan gane ta. Lamont Gaskins ne, bangon da ke tsare mai jefa ƙwallon Zakaru, kuma saurayina. Matakalar kuwa ta ƙofar bayan gidanmu ce, sai dai mai hoton bai ɗauko gidan ba, kuma Baba rabonsa da bin ƙofar baya tun da aka gyara gareji.

Baba ya dangwala yatsa a kan hoton. "Kun ga tawul ɗin nan? Ba a sayar da shi a kanti. Mu tsofaffin masu kujera a filin wasa, mu kaɗai aka ba. Ka ga kenan ɗaya daga cikinmu ne! Wani sakarai ne da ya san doka sarai, ya ɗauki abinci ya ba yaro. Na rantse in na san ko wane ne, sai ya bar garin nan."

Mama ta zuba masa ƙwai ta ce, "Ci abincinka, Cleophus, zai huce."

Ta kalle ni ta wutsiyar ido, na kalle ta. Sai ta ɗora min burodi a faranti kamar babu abin da ya faru. Matar nan ba ta da tsoro ko na anini.

Ina shiga mota wayata ta yi ƙara, saƙon Lamont ne.

Lamont: Kin gani?

Ni: Na gani. Ƙeyarka ta yi kyau.

Lamont: Ba wasa ba ne, Nita. An kira mu ofishin wasanni. Sauran 'yan wasa biyun da jaridar ta ambata sun ce sharri ne.

Ni: Kai ma ka ce sharri ne mana.

Lamont: Da kwanon Mama a hannuna?

Na kifa kaina a kan sitiyari. Ni dai ban san laifin da na yi wa duniya ba da ta haɗa ni da mai gaskiya.

Bari na koma baya kaɗan don ku gane tsiyar. A wurinmu, duk wanda ke ba ƙungiya gudummawa ko yake riƙe da kujerar shekara a filin wasa, hukumar wasanni ta hana shi ciyar da ɗan wasa a kai a kai, wai kada a riƙa sayen yara da abin duniya. In aka kama, yaron ake dakatarwa. Baba ya haddace dokar nan fiye da waƙoƙin coci. Ita kuwa Mama tata dokar daban ce: ba mai taka ƙofarta ya fita hannu rabbana. Mai gyaran famfo, mai kawo wasiƙa, har ɗan sandan da ya taɓa zuwa ya ce karenmu ya dame maƙwabta, kowa da kwanonsa ya tafi.

Baba kuma yana da wata doka ta uku, wadda ya ɗora min tun ina 'yar firamare. "Renita, ɗan ƙwallo abin kallo ne daga nesa. Ki tafa masa, ki yi masa ihu, amma kada ki kawo min shi gida." Dalilinsa ƙanwarsa ce, Gwaggo Odessa. Ita ce ta auri tauraron Zakaru na zamaninsu, Baba ne ma ya haɗa su yana murna, mutumin ya ci amanarta son ransa ya gudu ya bar ta. Tun daga ranar Gwaggo ta koma goyon bayan Shirwa, manyan abokan gabarmu na ƙetaren kogi, don ta ƙona wa kowa rai. Shi kuwa Baba ya rantse ba za a maimaita a kaina ba. Ya ma riga ya zaɓar min miji, Wendell, ɗan mai gidan shirya jana'iza. Wendell yaron kirki ne, kada na ci zalinsa, amma mutumin da ke zuwa kallon ƙwallo da laktaye me za ka yi da shi? Baba kullum cewa yake, "Sana'arsu ba ta da rani ba ta da damina." Ni kuma na ce a raina, ai shi ne abin tsoron.

Lamont kuwa a ɗakin gwaje-gwaje muka haɗu. Aka haɗa mu tebur ɗaya, ya fasa kwalba uku a rana ɗaya don yatsunsa sun yi wa komai girma. Duk wadda ya fasa sai ya ce wa kwalbar, "Yi haƙuri." A nan zuciyata ta tafi, ban ankara ba. Kakarsa ce ta raine shi a wani ƙauye can kudu, magana ma a hankali yake yinta, sai ka matso kake ji. Duk Alhamis da yamma, in Baba ya tafi taron magoya baya, Lamont yakan rako ni gida ya tsaya a ƙofar baya mu ɗan taɓa hira. Ranar da Mama ta kama mu ban san lokacin da na fara rantse-rantse ba. Ita kuwa ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Yaron nan, me suke ba ku a makarantar? Ka rame." Mutumin da sai ya karkace yake shiga ƙofa! Daga ranar aka fara: soyayyiyar kaza, makaroni da cuku, ganye, burodin masara, a cikin kwanonta mai ruwan ɗorawa wanda ta manna sunanta a gindinsa don kada matan coci su haɗa da nasu. Rannan kwanon ya yi zafi, ta waiga ta ga wani tawul a rataye a bayan kujera, ta naɗe da shi. Wata guda kenan Baba yana cigiyar tawul ɗinsa.

To, ranar Talata da yamma gidanmu ya zama kotu. Gwaggo Odessa ta iso da jar hularta ta Shirwa da jan janbaki, ta kawo kek wai ta zo jaje. Wendell ma ya zo, da furanni, sai dai ni duk furen da ya kawo sai na yi ta tunanin daga ina ya samo shi. Rediyo na kan firij, shirin 'yan kira yana ta tafasa. Wannan ya ce 'yan jarida 'yan Shirwa ne suka saye su, wancan ya ce a kori koci, wata tsohuwa ta kira tana kuka wai yaran marayu ne a bar su su ci.

Gwaggo ta yanka kek ta ce, "Yaya, ni fa ban yi mamaki ba. Ashe shi ya sa 'yan wasanku ba sa iya gudu. Ciki ya yi nauyi."

"Odessa, ki kiyaye ni. Ku da kuke ba naku motoci fa?"

"An ɗauki hotonmu? Ba a ɗauka ba. Mu in za mu yi, da wayo muke yi. Ku kuwa kwano guda ya gagare ku ɓoyewa."

Wendell ya gyara laktaye ya ce, "Ni a ganina, Baba, doka doka ce. In yaron ya ci, a hukunta shi."

Baba ya juyo kamar zai cinye shi. "A hukunta wa? Lamont Gaskins? Ka san abin da zai faru ranar Asabar in babu yaron nan? Mai jefa ƙwallonmu sai dai ku zo ku ɗauke shi a motarku ta gawa! Yaron ba shi da laifi. Ka sa wa yaro kaza a gaba ka ce kada ya ci? Mai laifi shi ne wanda ya bayar."

Mama ta ce daga bakin murhu, "To in yunwa yake ji fa?"

"Vernell, ba ki san harkar nan ba."

"Haka ne. Ƙara ganye?"

Ni kuwa ina zaune ina tsakurar abinci. Daɗi ya kama ni jin Baba yana kare Lamont, tsoro kuma ya hana ni sakat. Gwaggo ta zuba min ido ta ce, "Ke kuma lafiya? Yau babu surutu?" Na ce jarrabawa ce. Ta ce, "Uhm," irin uhm ɗin da ke nufin ba ta gama da ni ba.

Sai Baba ya miƙe ya ɗauki wayar gida. Duk garin nan an san muryarsa a shirin, ba sa barin sa jira. Muna zaune muka ji shi biyu, ɗaya a falo ɗaya a kan firij.

"Cleophus ne daga Titin Jirgi. Ina da shawara. Mu da aka ba koren tawul ba mu da yawa, kuma mun san juna. Ranar Asabar kowa ya zo da nasa ya ɗaga sama. Wanda ya zo babu tawul, to shi ne ya sayar da mu. Ni da kaina zan kira sunansa a wannan gidan rediyo!"

Mai shirin ya yi ta tafi, yana cewa Cleophus ya gama magana. Baba ya dawo yana taku ɗaiɗai, ya zauna, ya kai cokali baki. Sai ya tsaya.

"Vernell, har yanzu ba a ga nawa ba?"

"Ka duba gareji."

Ai kuwa Laraba tun da safe Baba bai je shagonsa na tayoyi ba. Ya zazzage gareji, ya zazzage but ɗin mota, ya hau silin da tocila ya sauko da yanar gizo a gashinsa. Da na dawo daga asibiti da la'asar na tarar da shi a tsakiyar falo cikin singileti, kayan sanyi da tsofaffin labule sun kewaye shi.

"Renita, ba ki gan shi ba? Kore ne, da bakin zinare. In na je babu shi mutane za su ce ni ne! Ni! Ki ji min masifa."

Na ce, "Zai fito, Baba." Na shige ɗaki na rufe ƙofa na ciro waya.

Ni: Ka jefo tawul ɗin ta katanga. Zan ce a bayan injin wanki na gan shi.

Lamont: A'a.

Ni: Lamont Gaskins, ina roƙonka.

Lamont: Ina hanya. Ta ƙofar gaba.

Ni: KADA KA ZO.

Lamont: Na riga na goge riga.

Wayyo ni Renita! Na cire kayan asibiti na saka doguwar rigata mai ruwan goro, na cire, na saka farar, na ga kamar ta amare, na koma mai ruwan goron. Na shafa hoda a gurguje. Na leƙa kicin na raɗa wa Mama, ita kuwa abin da ta ce kawai shi ne, "To bari na ƙara kaza." Kamar an shirya, ga Gwaggo Odessa ta dawo ɗaukar farantin kek ɗinta, ga Wendell ya zo taya Baba neman tawul.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba ya buɗe da tsohon labule a kafaɗa.

Lamont ya cika ƙofar gabaɗaya. Ya saka baƙar kwat ɗinsa ta coci wadda hannunta bai kai masa wuyan hannu ba, takalmi yana ƙyalli, gumi yana bin goshinsa. Baba ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Lamont Gaskins! A ƙofata! Vernell! Odessa! Ku zo ku gani! Shigo, ɗana, shigo. A'a, tsaya, kada ka shigo, doka! Ko ruwa ba zan ba ka ba, ka yi haƙuri, ba rowa ba ce. Yaro, ka faɗa min sunan wanda ya jefa ka a wannan bala'i, ni zan ji da shi."

Lamont ya ce a hankali, "Barka da yamma, yallaɓai. Na dawo da kayanku ne."

Ya miƙo hannu biyu. Ga koren tawul an wanke an goge an ninke, a kansa ga kwanon Mama mai ruwan ɗorawa, cike da ɓararriyar gyaɗa. Ya dubi Mama ya ce, "Kakata ta ce ba a mayar da kwano babu komai."

Baba ya karɓi kwanon. Ya ɗaga shi sama ya leƙa gindinsa. Ya karanta sunan da ke manne a wurin da ƙarfi, harafi harafi, kamar yau ya fara ganin sunan matarsa.

Gwaggo Odessa ta fashe da dariya har ta zame daga kujera. "Wayyo cikina! Yaya, kira rediyo! Ka ce za ka kira suna, ga waya! Yaushe za ka bar garin? In taya ka haɗa kaya?"

"Vernell," Baba ya ce. "Ke ce?"

"Ni ce. Yaro ya rako 'yarka gida duk Alhamis, in bar shi ya koma da yunwa? Ba a gidana ba."

"Ya rako wa?"

Kowa ya juyo ya kalle ni. Na ce a raina yau dai ƙarya ta ƙare. "Ni, Baba. Tun bara muke tare. Ina son sa."

Wendell ya ajiye tocilar da ke hannunsa a hankali. Allah sarki, sai da ya ba ni tausayi. Amma shi ne ya yi magana, don Wendell ko gidansu na cin wuta sai ya gyara maka doka. "Baba, in haka ne ai da sauƙi. In abincin don neman aure aka ba shi ba don ƙwallo ba, hukuma tana ɗaga ƙafa. Sai dai maigidan ya je ya shaida da bakinsa."

Lamont ya ce, "Haka matar ofis ta gaya min. Na ce mata na ci, ban ɓoye ba. Ta ce me ya haɗa ni da gidan, na ce ba zan kira sunan yarinya a ofis ba alhali ban gaida mahaifinta ba. Shi ya sa na zo."

Na ga idon Baba yana juyawa. Ya kalli Lamont, ya kalli kalandar wasanni da ke jikin bango, ya kalle ni, ya sake kallon kalanda. 'Yan uwa, doka ta shekara da shekaru, ko minti ɗaya ba ta yi ba ta rushe.

"To ai shi kenan! Surukina ne! Na ba ka ita! Vernell, ina rigata? Ofishin yana buɗe? Mu je yanzu na shaida musu. Tun tana zanin goyo na yi maka alkawarinta!"

Da na zata in Baba ya yarda zan yi tsalle har silin. Ashe kuɗin sadakina wasan Asabar ne. Hawaye suka cika min ido, haushi ya kama ni, na juya na kalli bango. Gwaggo ma dariyarta ta ɗauke ɗif. Ta ce, "Yaya, haka ka yi da ni."

Lamont bai motsa daga bakin ƙofa ba.

"Yallaɓai, na gode. Amma ban karɓa ba."

"Ba ka me?"

"Na riga na gaya wa koci ba zan buga ranar Asabar ba. Na ci abin da doka ta hana, zan zauna wasa ɗaya, magana ta ƙare."

Baba ya dafe ƙirji. "Da Shirwa? Yaro, ka san abin da kake faɗa? Ga ƙofa a buɗe, ka ce ba za ka bi ba?"

"In kuka ba ni ita yau, ba ni kuka ba, lambar da ke bayan rigar wasana kuka ba. Ni kuwa lambar nan saura wata biyu na cire ta. Ba na cikin waɗanda manyan ƙungiyoyi ke nema, na sani. Malamin makaranta zan zama, a ƙauyenmu ko a nan. Gwiwata ta hagu ma in ana ruwa sai ta yi ta min ciwo. Wannan shi ne mutumin da ke neman Renita." Ya share gumi da bayan hannu. "Kada ku ba ni amsa a makon nan. Ku bari sai Lahadi bayan coci, ko an ci mu ko mun ci. In kuka ce a'a, zan gaishe ku na tafi."

Ni dai ban san lokacin da na fara kuka da gaske ba, hodar da na shafa duk ta tafi. A raina ina cewa, kai wawan Allah, wa ya aike ka, an ba ka ka karɓa mana! Wani ɓangaren kuma yana cewa, Renita, ko Baba ya ce a'a sau ɗari, wannan ne.

Baba ya zauna a kan tarin labule, tawul a cinyarsa. Ya yi ta shafa bakin zinaren. Gwaggo Odessa ta tashi ta je gaban Lamont, ta ɗaga kai tana kallonsa, don ko kafaɗarsa ba ta kai ba. Ta ce, "Nawa mijin bai taɓa mayar da kwano ba." Ta koma ta zauna tana gyara hula.

Sai wayar gida ta ɗauki ƙara. Mama ta ɗaga, ta saurara, ta miƙa wa Baba. "Mutanen rediyo ne. Wai gari ya ɗauka, suna so ka ƙara bayani a kan shirin tawul."

Na ce, "Baba, kada ka ɗauka." Ya karɓa. Muryarsa ta fito daga kan firij.

"Cleophus ne daga Titin Jirgi. Na ce zan kira suna, to ga shi: Cleophus Tolliver. Tawul ɗina ne, matakalata ce, kazar matata ce, kuma duk wanda ya taɓa cin kazar nan ba zai ga laifin yaron ba. Kowa ya bar tawul ɗinsa a gida." Mai shirin ya fara ihu yana jero tambayoyi, Baba ya katse shi. "Abu na biyu. Ranar Asabar kada a neme ni a fili. Ina da baƙo."

Ya ajiye waya. Baba da aka yi wa aikin tiyata ranar Laraba ya je fili ranar Asabar da ledar ƙarin ruwa. Baba da ya sa aka matsar da bikin ƙanin Mama don ya faɗo ranar wasa. Mama ta ajiye ludayi ta zo ta taɓa goshinsa.

"Lafiyata ƙalau, Vernell." Ya dubi Lamont. "Wanda aka dakatar, a ina yake kallon wasa?"

"A ɗakina, yallaɓai. Ni kaɗai."

"A'a. A nan za ka kalla, a kujerar nan, kusa da ni. Na sha ganin ka kana ture mutane, wannan kowa ya gani. Ina so na ga yadda kake zama in ana cin ku kuma ba abin da za ka iya yi. Daga nan sai na san abin da zan ce ranar Lahadi." Ya ciro tikitinsa biyu daga bayan hoton kakana, ya miƙa wa Gwaggo yana kau da kai. "Ungo. Ki tafi da Wendell. In kika saka jar hular nan a kujerata, babu ni babu ke."

Gwaggo ta cafke ta cusa a jaka. "Har da jar riga zan saka."

Mama ta leƙo daga kicin. "To yanzu in zuba masa ko doka ta hana?"

Baba ya yi tsaki. "An riga an dakatar da shi, me ya rage? Zuba masa. Shigo, yaro, ka tare mana iska."

Lamont ya karkace ya shigo. Aka zauna a tebur, Baba ya sa shi a gefensa na dama, wurin da Wendell ya saba zama. Bai yi masa murmushi ba, bai kuma kira shi ɗana ba kamar ɗazu. Ya dai tura masa kwanon ganye, ya zuba masa ido yana kallon yadda yake riƙe cokali.

Wayata ta yi motsi a cinyata. Na leƙa ƙarƙashin tebur.

Lamont: Nita, ki cece ni. Ban taɓa jin tsoron Shirwa haka ba.

Kafin na ba shi amsa Baba ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Renita, ajiye wayar nan. In yana da magana ya faɗa a gabana, ai yanzu ya san ƙofar gaba."